Jan gidan tafi-da-gidanka: Wane irin gudu ne ba shi da haɗari?

A duk lokacin hutun bazara a Amurka da ƙasashen Turai, manyan hanyoyi kan cika da motoci masu jan ɗakunan kwana a bayansu, inda iyalai ke fita yawon buɗe ido ɗauke da gadajensu da madafarsu har ma da makewayi.

Turawan Ingila na kiran irin wannan ɗaki karaban, Amurkawa kuma su ce masa tirela, ko da yake ya sha bamban da tirelar da aka saba gani tana dakon kaya tsakanin Legas da Kano. Bahaushe kuwa da ma yana da sunan da ya dace da shi, wato tafi-da-gidanka. Ba shi da inji, ba shi da sitiyari. Ana saƙala shi ne a wata ƙugiya da ke bayan mota, ya riƙa bin ta duk inda ta sa gaba.

Ƙera irin waɗannan gidaje babbar sana'a ce a Amurka. A shekara ta 2021, lokacin da annobar korona ta sa jama'a da dama suka ƙaurace wa jiragen sama da otal-otal, masana'antun ƙasar sun fitar da fiye da dubu 600, kamar yadda alƙaluman ƙungiyar masu ƙera su suka nuna, kuma mafi yawansu waɗanda ake ja da mota ne. A jihar Indiyana ake haɗa akasarinsu, musamman a yankin Elkhart.

Manya daga cikinsu tsawonsu kan kai mita 10 ko ya zarce, tsayinsu ya haura mita 3, nauyinsu kuma idan an yi musu lodi ya kai tan 4 ko fiye. Ke nan sau da yawa abin da ake ja ya fi motar da ke jan sa nauyi.

Duk da haka, a yawancin jihohin Amurka lasin ɗin tuƙin ƙaramar mota ya isa mutum ya ja shi. A Birtaniya ma, a watan Disamba na 2021 an soke gwaji na musamman da a da ake yi wa direba kafin a ba shi izinin jan abin da nauyinsa ya kai kilo 3,500. Mutumin da bai taɓa jan ko da amalanke ba yana iya sayen gida a yau, gobe ya hau babbar hanya da shi da iyalinsa.

Tambayar da irin wannan direba ya fi yi ita ce, gudu nawa ya kamata ya yi?

Kowace ƙasa da dokarta

A Birtaniya amsar da doka ta bayar a bayyane take. Mai jan karaban ba zai wuce mil 60 a sa'a ba, kimanin kilomita 96, a kan manyan hanyoyi da tagwayen tituna, alhali ƙananan motoci na da izinin yin mil 70. A kan titin da motoci masu zuwa da masu dawowa ke haɗuwa kuwa, iyakarsa mil 50 ne, wato kilomita 80. Haka kuma an hana shi shiga layin masu sauri a babbar hanyar da ke da layi uku ko fiye.

Jamus, wadda ta yi suna wajen hanyoyin da a wasu sassansu ba a ƙayyade wa ƙananan motoci gudu ba, ta ma fi tsanantawa. Da zarar an saƙala wani abu a bayan mota, iyaka ta koma kilomita 80. Ana iya samun izinin yin kilomita 100, amma sai an cika sharuɗɗa: motar ta kasance tana da na'urar hana birki daskarar da tayoyi, tayoyin karaban ɗin ba su kai shekara 6 ba kuma an ƙera su domin jure gudun kilomita 120 aƙalla, sa'an nan nauyinsa bai zarce wani kaso na nauyin motar ba. Wanda ya cika sharuɗɗan sai a ba shi wani tambari mai ɗauke da lamba 100 ya manna a baya.

A Faransa, idan nauyin mota da abin da take ja ya haura tan 3 da rabi, iyaka a babbar hanya kilomita 90 ne. A jihar Yammacin Ostareliya kilomita 100 ne.

A Amurka ne lamarin ya fi rikitarwa. Tun daga shekara ta 1995, lokacin da majalisar dokokin ƙasar ta soke ƙa'idar gudu ta bai-ɗaya da aka kafa a 1974, kowace jiha ke tsara tata dokar. Kalifoniya ta ƙayyade wa duk motar da ke jan wani abu mil 55, kimanin kilomita 88. Jihohi da dama kuwa ba su bambanta mai ja da wanda ba ya jan komai ba, kuma a yammacin ƙasar, kamar a jihohin Yuta da Wayomin, akwai hanyoyin da allunansu ke nuna mil 80, kusan kilomita 130.

Direba na iya tsallaka iyakar jiha ya tarar da doka ta ƙara masa mil 20 ko fiye. Gidan da yake ja dai shi ne na ɗazu, da tayoyinsa da lodinsa. Lambar da ke kan allo tana faɗin inda 'yan sanda za su fara tare mutum ne kawai, kuma akwai wasu iyakokin da ke ƙasa da ita waɗanda ba a rubuta su a bakin hanya ba.

Kaɗa wutsiya

Mafi muni daga cikinsu shi ne abin da masu wannan harka a Ingila ke kwatantawa da tafiyar maciji. Karaban ya fara kaɗa wutsiya, ya yi dama, ya yi hagu, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi, har ya kai ga fizgar bayan motar da ke jan sa. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan mota na iya ƙwace wa direba, ta naɗe da karaban ɗin ko su kife gaba ɗaya.

Asalin matsalar yana wurin da aka haɗa su. A babbar tirela ta dakon kaya, bodin yana zaune ne daidai kan tayoyin baya na kan motar, saboda haka idan ya motsa gefe ba ya samun yadda zai juya ta. A karaban kuwa ƙugiyar tana can bayan tayoyin baya, da tazarar mita guda ko fiye. Duk turawar da ya yi wa ƙugiya zuwa dama, sai ta karkata goshin motar zuwa hagu. Wannan ne ya sa wani nau'in tafi-da-gidanka da Amurkawa ke ɗora hancinsa a tsakiyar bodin a-kori-kura, daidai saman tayoyin baya, ya fi natsuwa a kan hanya.

Ko wane karaban yana ɗan kaɗawa lokaci zuwa lokaci. Rami a hanya, ko bugun iska, ko ɗan murza sitiyari, duk suna iya haddasa shi. Idan gudun kaɗan ne, tayoyi kan shanye motsin, ya kaɗa sau ɗaya ko biyu ya koma daidai. Yayin da gudu ke ƙaruwa, sai lokacin da yake ɗauka kafin ya natsu ya riƙa tsawaita. Akwai kuma wani mizani na gudu wanda idan aka kai gare shi kaɗawar ba ta mutuwa da kanta, idan aka wuce shi kuwa sai ta riƙa ƙaruwa.

Haɗarin wannan mizani shi ne ba ya ba da sanarwa. Direba na iya shafe sa'o'i yana sharara gudun da ya wuce shi a kan hanya mai kyau, komai lafiya lau, domin babu abin da ya taɓa karaban ɗin. Sai wata babbar mota ta zo wucewa, iskar da take turawa ta bugi gefensa, a nan ne zai gane cewa tun tuni ya shiga haɗari bai sani ba. Saboda haka hujjar da wasu ke kafawa, cewa sun saba yin mil 75 ba abin da ya taɓa samun su, ba ta da ƙarfi kamar yadda suke zato.

Kuma babu lamba guda da za a ce ita ce mizanin ga kowa. Tana sauyawa ne gwargwadon nauyin motar da tsawonta, da tsarin karaban ɗin, da kuma, fiye da komai, yadda aka jera kaya a cikinsa.

Inda aka ajiye kaya

Injiniyoyi a Jami'ar Bath da ke Ingila sun shafe shekaru suna gwaje-gwaje a kan wannan batu. A wani bincike da suka wallafa a 2009, sun nuna cewa abubuwan da suka fi tasiri su ne yadda aka rarraba nauyi a cikin abin da ake ja, da yawan nauyin da hancinsa ke ɗora wa ƙugiya, da kuma inda tayoyinsa suke. Yawan nauyin shi kaɗai bai kai waɗannan tasiri ba.

Misalin ɗan garuwa zai sauƙaƙa fahimtar lamarin. Idan ya rataya garewani biyu a can ƙarshen sandar da ke kafaɗarsa, juyawa na yi masa wuya, in kuma ya juya, tsayar da sandar ya fi wuya. Da zai matso da su kusa da jikinsa, da nauyin bai ragu ba, amma sarrafa shi ya yi sauƙi. Haka karaban yake. Kaya masu nauyi ana so su zauna a ƙasa, kusa da saitin tayoyi, su ɗan fi karkata zuwa gaba. Mafi munin wurin ajiye su shi ne can ƙurya ta baya, inda mutane ke sha'awar rataya kekuna da janareto da akwatunan kayan aiki. Ruwa ma abin lura ne, tun da kowace lita kilo guda ce, kuma a wasu gidajen tankin yana bayan tayoyi.

Kamfanin U-Haul, wanda ke ba da hayar ƙananan tireloli a Amurka da Kanada, yana shawartar masu haya da su sa kashi 60 cikin ɗari na nauyin kaya a rabin gaba, kuma kada su wuce mil 55.

Dangane da nauyin da ke kan ƙugiya, a Amurka ana ba da shawarar ya kasance tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin karaban da lodinsa. A Birtaniya kuwa, babbar ƙungiyar masu karaban ta ƙasar, wadda aka kafa tun 1907, tana cewa kashi 5 zuwa 7. Motocin Turai ƙanana ne, ba sa iya ɗaukar nauyi mai yawa a baya, kuma masana harkar kan danganta wannan da ƙarancin gudun da dokokin nahiyar suka yarda da shi. Ƙungiyar tana kuma ba sabbin direbobi shawarar kada nauyin karaban ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar da babu kaya a cikinta.

Sai dai ƙara nauyi a kan ƙugiya ma yana da iyaka. Karaban mai kilo 3,500 zai ɗora wa bayan mota tsakanin kilo 350 zuwa 525 bisa lissafin Amurkawa, kafin a sa fasinjoji da kayansu. Idan ya yi yawa, bayan motar ya dusa, goshinta ya ɗaga, tayoyin gaba da ke karɓar umarnin sitiyari su rage kama ƙasa. Hanyar sanin gaskiyar nauyin ita ce a hau sikelin auna manyan motoci bayan an gama lodi, domin lambar da ke cikin takardar kamfani ta gidan da ba komai a cikinsa ce.

Tayoyi

Iyaka ta gaba a jikin taya aka rubuta ta, amma ba kowa ke durƙusawa ya karanta ba. Shekaru da dama, tayoyin da ake ƙera wa tireloli a Amurka, masu ɗauke da haruffan ST, an tsara su ne a kan gudun da bai wuce mil 65 ba, kimanin kilomita 105, sai fa idan an rubuta wani abu dabam a jikinsu. Sabbin ƙira da dama sun fi haka. Harafin L na nufin kilomita 120, M kilomita 130, N kuma kilomita 140.

Abin da ke kashe taya zafi ne. Gudu na ƙara mata zafi, haka nauyi, haka ƙarancin iska, wanda ke sa gefunanta su riƙa lanƙwashewa fiye da kima a kowane juyi. Idan abubuwan uku suka haɗu a ranar da kwalta ta ɗauki rana, taya na iya fashewa ko da zanenta bai goge ba.

Tayar karaban ma ba ta cika gogewa ba, tsufa take yi, domin gidan kan shafe watanni a ajiye wuri guda. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekara ta 2019. A Birtaniya shawarar da aka fi bayarwa ita ce a sauya tayoyin idan sun shekara 5, kuma kada a bar su su wuce 7.

Tsayawa, gangara da iska

Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafar direba ta isa kan birki. Ƙarfin da birki zai kashe kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ya fi shi saurin hauhawa. Idan aka tashi daga kilomita 80 zuwa 110, gudun bai ƙaru da rabi ba, amma aikin da ke kan birki ya kusa ninkawa.

A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, wajibi ne duk abin da ake ja da ya haura kilo 750 ya kasance da birkinsa. Na Turai galibi yana kamawa ne da kansa idan karaban ya turo motar daga baya. Na Amurka kuwa na lantarki ne, akwai wata 'yar na'ura kusa da direba da ke sarrafa shi.

Gangara ce wurin da abubuwa suka fi lalacewa. A kan hawa, mota tana jan karaban, su miƙe kamar igiyar da aka ɗaure tamau. A gangara shi ne ke tura ta, gudu na ƙaruwa ba tare da direba ya lura ba, kaɗawa kuma ta fi saurin farawa. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Abin da ake koyarwa shi ne a rage gudu tun kafin a fara gangarawa, a sa ƙaramar giya, a bar inji ya riƙe motar.

Ita kuwa iska, gefen babban karaban tamkar bango yake a gare ta. A jihar Wayomin, hukumar kula da hanyoyi kan rufe wasu sassan babbar hanyar I-80 ga motoci masu tsayi marasa nauyi sosai, ciki har da masu jan tafi-da-gidanka, a ranakun da iska ta tsananta, saboda tana iya kifar da su. A irin wannan rana babu wani gudu da za a kira mai aminci, sai dai a nemi wuri a tsaya.

Idan ya fara kaɗawa

Abin da zuciya ke fara raya wa direba shi ne ya danna birki, ko ya yi ta murza sitiyari don ya gyara. Dukansu biyun suna ƙara dagula lamarin. Birkin mota mai ƙarfi na sa karaban ya afko mata ta gefe, hannun ɗan Adam kuma ba ya iya bin saurin kaɗawar, sai gyaran ya zo a makare ya zama ƙari.

Shawarar da hukumomi da masu ƙera motoci ke bayarwa ita ce direba ya riƙe sitiyari a miƙe, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya bar gudun ya sauka a hankali. Wanda yake da birkin lantarki yana iya kama birkin karaban ɗin shi kaɗai da hannu, abin da zai ja shi baya ya miƙar da shi. Akwai wata tsohuwar magana da ke yawo tsakanin direbobi cewa ƙara wuta ne magani. Motar da ke jan tan 3 ko 4 ba ta da ƙarfin da za ta fizge shi nan take, abin da kawai za a samu shi ne kaɗawa iri ɗaya a gudun da ya fi na da.

Motoci da dama na zamani suna da kwamfutar da ke gane kaɗawa ta kama birkin wasu tayoyi da kanta, kamfanin AL-KO na Jamus kuma yana ƙera makamanciyarta da ake ɗora wa karaban. Akwai kuma ƙugiyoyi na musamman masu rage motsi. Suna taimakawa ƙwarai, sai dai wani lokacin sukan ɓoye wa direba alamun cewa lodinsa ba daidai yake ba. Duk wanda karaban ɗinsa ya kaɗa sau ɗaya, ya kamata ya tsaya a wuri na farko da ya samu ya duba kaya da iskar tayoyi.

Idan aka haɗa dokokin Birtaniya da Jamus da Kalifoniya, da shawarar U-Haul, da ƙa'idar tsofaffin tayoyin ST, za a ga duk sun faɗa ne tsakanin kilomita 80 zuwa 105. Wannan kuwa a busasshiyar hanya ce, da rana, da lodin da aka jera daidai.

Farashin bin wannan ƙa'ida lokaci ne. Tafiyar kilomita 500 a gudun kilomita 110 tana ɗaukar kimanin sa'a 4 da rabi, a gudun kilomita 90 kuma sa'a 5 da rabi. A madadin sa'ar da aka rasa ana samun rarar mai, domin turjiyar da iska ke yi wa goshin karaban a kilomita 110 ta fi ta kilomita 90 da kusan rabi.

Tafiya a hankali ma tana da nata wajibcin. Jerin motocin da suka taru a bayan karaban a siririyar hanya kan sa wasu su ƙosa su yi ƙoƙarin wucewa a inda bai dace ba. A Kalifoniya doka ta ce idan motoci 5 ko fiye suka jeru a bayan mai tafiya a hankali a hanya mai layi biyu, inda wucewa ke da haɗari, to wajibi ne ya rakuɓe a wuri na farko da ya dace ya ba su hanya.